Zuwa Maradi, da gardamar tsofaffi a kan Diori Hamani

Daga Katsina zuwa Maradi ba wata doguwar tafiya ba ce. Ka bi ta Jibiya, ka tsaya a Magama jami'an Najeriya su duba ka, ka haura Ɗan Isa jandarmomi da 'yan duwan su yi nasu binciken, abin da ya rage bai wuce kilomita 50 ba. Shingaye ne ke cinye lokaci, sai kuma fargabar 'yan bindiga da ta sa babu direban da ke yarda magariba ta riske shi a wannan hanya. Da hantsi muka tashi daga tasha, an cusa mu a tsohuwar mota tare da katan-katan na taliya da maganin sauro. Nan da can muna hango cikon ƙasar layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021, wanda ake sa ran zai haɗa Kano da Maradi. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ce ita dai Allah ya nuna mata ranar da za ta shiga jirgin, ta huta da sauka da hawa a shinge. Duk motar aka amsa da amin.

Iyakar kanta ba ta da wata alama in ban da sandar ƙarfe da tuta. Gero iri ɗaya ne hagu da dama, rumbuna iri ɗaya, Hausar ma ɗaya. Ingila da Faransa ne suka shata layin tun 1890, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, saboda Faransawa sun dage sai an bar musu hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. A haka Maradi ta faɗa hannun Faransa, Katsina hannun Ingila, alhali masu sarautar Maradi jikokin sarakunan Haɓen Katsina ne da jihadi ya tasa a farkon ƙarni na 19. Har gobe Sarkin Katsinan Maradi ake ce wa mai garin.

Dubiya ce ta kai ni. Yayan mahaifiyata, tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, da ya daɗe da yin ritaya, an yi masa aikin ido. Ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni daga tasha, ya bi da ni ta titunan nan miƙaƙƙu da ba sa ɓatar da baƙo. Tsohon garin a kwarin Gulbi yake, ambaliyar 1945 ta rusa shi, aka hau tudu aka yanka filaye da igiya. Na tarar da Kawu ya samu sauƙi, har yana faɗa da jikokinsa a kan ƙarar waya. Aka kawo fura mai sanyi, daga baya dambu da zogale.

A ɗakinsa, sama da akwatin rediyo, akwai hoto baƙi da fari cikin gilashin da ya tsage ta gefe: mutum mai cikar fuska, ya kafa hula, ya sa farar babbar riga, idonsa cikin tabarau. Na san fuskar, amma na tambaya don in ja bakin tsoho.

"Kai ɗana, wanga ai shina cikin waɗanda suka hana a raba ƙasarku," in ji shi. "Ku ba ku san shi ba, mu kuma mun yi kamar mun manta."

Diori Hamani ne, shugaban Nijar na farko. Bazabarme ne, haifaffen Sudure kusa da Yamai a 1916, ya yi karatun malanta a makarantar William Ponty ta Senegal. Abin da Kawu ya fi so a sani shi ne, kafin duniya ta san Diori, ya riƙe alli a nan Maradi. Daga baya, a 1938, aka kai shi Paris yana koya wa Faransawan da za a turo mulkin mallaka Hausa da Zabarmanci. A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, reshen RDA, ƙawancen jam'iyyun ƙasashen Afirka rainon Faransa mai alamar giwa, a shekarar kuma aka zaɓe shi dipite a majalisar dokokin Faransa. Ya sha ƙasa a 1951, cikin waɗanda suka kayar da shi har da ɗan Maradi, Jorj Konda. Ya koma a 1956, shekara ta zagayo ya zama ɗaya daga cikin mataimakan shugaban majalisar. Ashe tun kafin a ba shi ƙasa ya san lungunan Paris, ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa da wadda ake bi ta baya.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, wani jikan Kawu ya hura gawayi ya ɗora shayi. Sai ga amininsa, wani Alhaji da ya tashi a cinikin gyaɗa, yana dogara sanda. Da ya ji abin da muke tattaunawa ko zama bai gama yi ba ya ce, "Mushe, ka faɗa wa yaron ga gaskiya. Wa ya ba Diori mulki, talakawa ko Kolombani?"

Mahaifin Alhaji ɗan Sawaba ne, jam'iyyar raƙumi, ta Djibo Bakary. Djibo ɗan'uwan Diori ne na jini, garinsu ɗaya, kuma shi ke jagorantar gwamnatin cikin gida tun 1957. Da Janar Digol ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, ko a zauna cikin tarayya da Faransa ko a karɓi 'yanci nan take, Djibo ya ce a kaɗa "a'a", Diori ya ce "i". Paris ta aiko sabon gwamna, Kolombani, ana saura makonni kaɗan, ya jawo sarakunan gargajiya, ya sa kumandodin bariki aiki. Faransa tana cikin yaƙin Aljeriya, idonta na kan arzikin Sahara, ba ta shirya ganin Nijar ta suɓuce ba, balle ga Sawaba na ɗasawa da NEPU ta Malam Aminu Kano a tsallaken iyaka. Sakamako ya fito, "i" ta samu wajen kashi 78 cikin 100, amma galibin masu rajista ba su ma fita ba. Djibo ya sauka. Ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa jamhuriya da Diori a kan gwamnati, a 1959 aka haramta Sawaba.

Kawu ya bari ya kai aya, sannan ya ce, "Alhaji, to da an ce a'a, da mi za a biya albashin wata guda? Ka ga abin da suka yi wa Gine. Seku Ture yana da teku, yana da ma'adinai, amma sai da ya ji a jikinsa. Mu mi muke da shi ban da gyaɗarku da shanu?"

"Da mutuncinmu," in ji Alhaji, ya kurɓi shayi.

Ni dai a ganina ƙuri'ar 1958 ba ta da tsabta, kuma babu hujjar da za ta wanke abin da ya biyo baya: jam'iyya ɗaya tilo, kamun 'yan adawa, da harbe mayaƙan Sawaba a bainar jama'a bayan sun kutso da makamai a 1964. Su ma sun jefa wa Diori gurneti a filin idin babbar salla ta 1965, Allah ya yi da sauran kwanansa. Amma tambayar Kawu ba ta wasa ba ce, kuma duk rayuwar siyasar Diori ƙoƙarin amsa ta ce.

Yadda aka karɓi 'yancin ma ya nuna salonsa. A watan Mayu 1959 ya haɗa kai da Ufuwe Bwanyi na Kwaddibuwa, da shugabannin Dahome da Bolta ta Sama, wato Binin da Burkina Faso na yau, suka kafa majalisar Antant a Abijan. A 1960 su huɗun suka tunkari Digol da murya ɗaya: a ba su mulkin kai tukuna, yarjejeniyar hulɗa ta biyo baya. Aka sa hannu a Paris ranar 11 ga Yuli, suka jera ranakunsu a watan Agusta, Dahome ran 1, Nijar ran 3, Bolta ran 5, Kwaddibuwa ran 7. Ranar 20 ga Satumba Nijar ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. Yarjejeniyar da aka ɗage ta zo a Afrilu 1961, a ciki aka ba Faransa fifiko a kan ma'adinai masu muhimmanci ga tsaro, har da yuraniyom. Kawu ya ce shi ranar 3 ga Agusta yana gona, ana hutun lakwal, maimai ake yi. Sai da dare ya ji kiɗa daga wajen bariki.

Washegari Alhaji ya ce in zo ya zagaya da ni, wai zancen ƙofar gida ba ya nuna komai. Muka ratsa babbar kasuwa, inda naira da sefa ke yawo hannu da hannu, kayan shaguna kuma rabi daga Kano rabi daga Kwatano. Ya kai ni wani gida a bayan kasuwa inda mata ke matsar mai. Wata tana tsaye a kan turmi cike da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da taɓarya, har man ya fara tsattsafowa ya taru a sama. Ta kwashe da ludayi, ta miƙa tunkuzar ga 'yarta da ke murza ƙuli-ƙuli tana jefawa a kasko. Alhaji ya ɗauki ɗaya da zafinsa, ya ce da wannan aka gina ofisoshin Yamai.

A zamanin ƙuruciyarsa, in kaka ta yi, garin nan sikeli ne ko'ina, buhuna an tara su dala-dala. Hanyar da ta fi kusa da teku ita ce a kai Kano a loda a jirgin ƙasa zuwa Legas. Faransawa ba su so dukiyarsu ta dogara da layin Ingila ba, don haka a shekarun 1950 suka ɓullo da shirin karkatar da wani kaso ta Doso da Gaya zuwa Paraku, daga can jirgi ya kai Kwatano. Bayan 'yanci, a 1962, gwamnati ta kafa SONARA ta riƙe sayen gyaɗa da fitar da ita. A ƙarshen 1963 rikici ya ɓarke da Dahome a kan tsibirin Lete da ke tsakiyar Kwara, Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahome, su kuma suka toshe hanyar Kwatano. An sasanta a cikin Antant, ko da yake maganar tsibirin ba ta mutu ba sai 2005 da kotun duniya ta ba Nijar. A shekarun 1960 ɗin kuma farashin alfarma da Faransa ke sayen gyaɗa da shi yana ƙarewa saboda dokokin kasuwar tarayyar Turai, Diori ya yi ta zarya a biranen Turai, a matsayinsa na shugaban ƙungiyar OCAM ta ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci, yana roƙon a duba manoman Afirka.

A tsaye a wannan gida na fahimci abin da ke kai shi ƙasashen waje. Ƙasar da ba ta da teku ƙofofin maƙwabta ne numfashinta, in an rufe ɗaya dole ɗayar ta kasance a buɗe. Alhaji, duk da adawarsa, ya ce Diori dillali ne da ba shi da ko akuya a kara, amma ba a ƙulla ciniki sai an neme shi. Bai faɗa don yabo ba.

Inda na fi ba shi girma shi ne yaƙin Biyafara, kuma a nan ne mu 'yan Najeriya muke da bashin da ba mu cika ambata ba. Yaƙin ya fara a Yuli 1967. A Satumba ƙungiyar haɗin kan Afirka ta zauna a Kinshasa ta naɗa shugabanni shida su shiga tsakani: Sarki Haile Selasiye na Habasha, Tubman na Laberiya, Mobutu na Kwango, Ahijo na Kamaru, Ankara na Gana, da Diori. A Yuli 1968 kwamitin ya zauna a Yamai. Gowon ya zo, bayansa Ojukwu ya zo, wakilan ɓangarorin biyu suka zauna a teburi ɗaya suna tattauna hanyar kai abinci ga masu yunwa da ajandar sulhu. Ba a tsayar da wuta ba. Abin da aka samu shi ne amincewa a ci gaba da magana a Adis Ababa a watan Agusta, can ma aka watse hannu rabbana. Wanda ke auna diflomasiyya da takardar da aka sa wa hannu zai ce taron Yamai bai haifar da komai ba.

Sai dai a duba inda Diori yake tsaye a lokacin. Ufuwe Bwanyi, babban yayansa a RDA da Antant, wanda baitulmalinsa ke tallafa wa ƙananan ƙasashen ƙungiyar, ya amince da Biyafara a matsayin ƙasa a Mayu 1968, haka ma Gabon. A ƙarshen Yuli gwamnatin Digol ta fito fili ta goyi bayan 'yancin Biyafara, makamai kuma suna bi ta Abijan da Libirbil. A lokacin Faransar nan ita ke cike giɓin kasafin kuɗin Nijar, sojojinta na zaune a Yamai. Duk da haka Diori ya ƙi. Ya tsaya a kan Najeriya ɗaya har aka gama yaƙin a Janairu 1970, Ojukwu ya tsere Kwaddibuwa.

Na tambayi Kawu ko son Najeriya ne ya sa. Ya yi dariya har sai da ya dafe idon da aka yi wa aiki.

"Ɗana, dubi garin ga. Wane gida ne ba shi da ɗiya a Katsina ko ɗa a Kano? In ya bi Faransa, da wane baki zai yi wa Maradi da Damagaram da Ƙonni bayani? Kuma in aka fara yanka ƙasa don ƙabila, tasa ce za ta fi saurin yankuwa."

Lissafi ne, ba soyayya ba, kuma hakan bai rage masa komai a idona ba. Shugaban ƙasa matalauciya ya auna maƙwabcin da ba ya ƙaura da ubangidan da ke nesa, ya zaɓi maƙwabci, kuma ya yi shi ba tare da ya tsinke igiya da Paris ba. Gowon bai manta ba. A 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya mai hedikwata a Yamai, daga baya aka ja wutar lantarki daga Kainji. Ita kanta Maradi ta layin Katsina take samun wuta, shi ya sa da aka yanke ta a Agusta 2023 saboda takunkumin ECOWAS, aka kuma rufe iyaka, mutanen nan suka ji abin har zuci. Ko'ina na zauna sai an tuna mini, cikin raha amma da ɗaci a ƙasa.

Jikan Kawu mai dafa shayi ɗalibi ne a jami'ar garin, wadda aka sa wa sunan Dan Dicko Dankoulodo. Ya ja ni fadarsu da dare, samari a kan benci da buta a kan gawayi. Da na ambaci Diori, ɗaya ya ce, "Baba, ai yaron Faransa ne, shi ya haifo mana Farankofoni." Da gaskiyarsa ta wani gefen. A Yamai aka kafa hukumar ACCT, tushen Farankofoni, wato ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci, ranar 20 ga Maris 1970, ƙasashe 21 suka sa hannu, kuma Diori da Sengor na Senegal da Burgiba na Tunisiya da Sihanuk na Kambodiya ake kira iyayenta. Na ce musu mutumin da jami'arsu ke ɗauke da sunansa, ministan ilimi ne a gwamnatin Diori, kuma shi ya zama babban sakataren hukumar na biyu. Wasu sun sani, wasu suka yi shiru.

Abin da ba su sani ba shi ne rigimar da aka sha a taron. Faransa na so a ba lardin Kebek kujerarsa, gwamnatin Kanada ta ce ba ta san zance ba. Mai masaukin baƙi bai bi Paris ido rufe ba, aka tashi da matsayar cewa lardi zai iya shiga amma da yardar gwamnatin ƙasarsa. Kanada ta zama babbar mai taimakon Nijar, ita ta biya kuɗin titin Gure zuwa Ngigmi. Ƙofa ce ya ƙara buɗewa don kada komai ya zama sai Faransa. A Maris 2025 Nijar ta fice daga Farankofoni, a shekarar kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Samarin suna alfahari da haka, ban kuma ga laifinsu ba. Na dai ce musu su riƙa karanta mutumin gaba ɗayansa kafin su yanke masa hukunci.

Ƙarshen labarin a bakin Alhaji na ji shi, daren da zan yi sallama, kuma Kawu bai katse shi ko sau ɗaya ba. Fari ya fara tun 1968, ya tsananta a 1973. Buzaye da Fulani da dabbobinsu suka ƙare suka gangaro kudu, suka yi sansani a bakin gari. Masu karɓar lanho, wato haraji, ba su daina zuwa ƙauyuka ba. Hatsin agaji yana shigowa, yana maƙalewa a hannun manyan jam'iyya. Shugaban da ke sasanta ƙasashe ya kasa tsawata wa ministocinsa, mutane suna cewa ya fi sanin filin jirgi da halin da karkara ke ciki. A farkon 1974 ya matsa wa Faransa ta ƙara kuɗin yuraniyom ɗin Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971, ya kuma ƙulla yarjejeniyar tsaro da Libiya. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Laftanar Kanar Seyni Kunce ya kifar da shi. An kashe matarsa Aisa a daren. Sojojin Faransa da ke Yamai ba su motsa ba.

"A garin ga wa ya fito ya yi kuka?" in ji Alhaji. Kawu ya ce babu.

An tsare Diori shekaru, aka mayar da shi ɗaurin talala, bai samu sakewa ba sai 1987, ya rasu a Rabat ta Maroko a Afrilu 1989. Djibo ya dawo gida bayan juyin mulkin yana zaton lokacinsa ya yi, a 1975 Kunce ya tsare shi shi ma. Ya rasu a Yamai a 1998. Filin jirgin saman babban birnin yanzu sunan Diori yake ɗauke da shi, abin da Alhaji ya ce ya dace, tunda can ya fi zama. Kawu ya ce wannan baƙar magana ce, ya kira a kawo masa maganin ɗigon ido. Alhaji ya miƙe yana laluben takalminsa, ya ce kada in kuskura in kama hanya da sassafe, zai zo mini da takardun awon SONARA da mahaifinsa ya ajiye, in gani da idona nawa aka riƙa sayen kilo a hannun manomi.